Igiyar Da Na Tufka wa Mamuda

Tungar Ladan,
Ta Damari, Birnin Gwari.
12 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Maman Karima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Karima da Inna da duk mutanen gidan Yaya a Rigasa. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Karima fa, har yanzu tana firgita in ta ji ƙarar babur? Ni ma nan lafiya lau, sai kewarku da zafin bazara, wanda bana ya zo da fushinsa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Sabis a garin nan sai an hau dutsen bayan makaranta, can ɗin kuma kullum da mutum goma a layi, kowa kunnensa na kan maganar ɗan'uwansa. Abin da zan faɗa miki ba na kan dutse ba ne. Na ba Mu'azu direba, na ce ya danƙa miki hannu da hannu.

Na tarar da gida da sauƙi a kan yadda nake tsoro. Rumbu biyu sun ƙone, an cire ƙyauren zaure da kwanon ɗakin girki, amma ɗakinki yana nan, har da tsohuwar tabarmarki a bayan ƙofa. Lemon da kika dasa ya rayu shekara biyu ba mai ba shi ruwa, ina jin taurin kan mai shi ya gada. Tun da aka yi sulhun nan mutane ke dawowa da ɗai-ɗai, yanzu mun kai gida talatin. Maƙwabcinmu Timothy ya riga ni da wata guda. Shi ya share mini tsakar gida kafin in iso, matarsa Ladi kuma ke aiko mini da tuwo safe da yamma.

Ranar kasuwa na shiga Birnin Gwari neman kwano da ƙusa. Kasuwa ta cika maƙil kamar ba a taɓa yin komai ba. Mutanen daji ma sun fito, ba bindiga, suna cinikin shanu suna shan shayi, yanzu tubabbu ake ce musu. A rumfar mai shayi na ga Mamuda. Kin tuna shi, marayan da Baba ya ɗauka ya koya wa haƙar rijiya tare da ni, wanda ya ci tuwon gidanmu shekara bakwai sannan ya ɓace aka ce ya tafi haƙar zinare. Ya yi ƙiba har da tumbi. Ya taso da fara'arsa ya rusuna ya gaishe ni, yana Yaya kaza Yaya kaza, har yana tambayata me ya sami hannuna. Na ce masa ƙaddara ce. Na miƙa masa na dama muka gaisa, daga nan ban san yadda aka yi na iso tasha ba.

Sadiya, akwai abin da na ɓoye miki shekara biyu. Kin san an ɗaure ni a daji, kin san an rataye ni a reshen marke tun hantsi har la'asar don Yaya ya ji ihuna ta waya. Abin da ba ki sani ba shi ne na san wanda ya ɗaure ni. An rufe mini ido da rawani, amma ba a toshe mini kunne ba. Baba ya koya mana mu riƙa ƙirga zagayen igiya, ɗaya, biyu, uku, sannan mu ja da bisimilla. Duk ƙasar nan mu biyu kaɗai ya koya wa haka. Wanda ya ɗaure ni yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa a bayan kunnena, har da bisimillar.

Da iyakarta ke nan, da na ce tilas aka yi masa. Amma akwai wani wuri a bayan dantse da Baba ya hana mu ɗora igiya ko da wasa, domin nan jijiyar hannu take. A gabana ya taɓa marin Mamuda a kan wurin nan. Wanda ya iya ɗaurin goyo, ɗaurin da muke saukar da ƙato cikin rijiya da shi ya wuni ko ƙujewa bai yi ba, zai iya rataye ni in sha wuya amma in sauko da hannuna. Shi kuwa sai da ya lalubi wurin da babban yatsa, ina jin sa yana lalube, sannan ya kwantar da igiyar a kai. Shi ya sa yau hannuna na hagu yake reto kamar tsumma, ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Na yi shiru ne don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na ɗauka daji zai cinye shi kowa ya huta. Ga shi daji ya tofo shi da tumbi. Ana ta yi mana wa'azi a yafe, a rufe abin da ya wuce. Kowa ya yafe nasa. Ni dai tuban muzuru na gani a rumfar nan, kuma wallahi ba zan bar maganar nan ta bi ruwa ba. Ran Mamuda nake so, Sadiya, na faɗa miki ne don ke kaɗai nake iya faɗa wa.

Ki gaishe da Inna da Yaya da matarsa, ki shafa mini kan Karima. Kada Inna ta ji ko kalma ɗaya. In kin karanta ki sa takardar a murhu.

Naki har kullum,
Suhaibu.


Tungar Ladan,
27 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Maman Karima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da jiki, da Karima 'yar makaranta. Na ji daɗin jin cewa ta fara haɗa baƙi. Ki ce mata Babanta ya ga zanen da ta aiko, sai dai akuyar ta fi kama da Yaya.

Amsarki ta iso, na karanta sau uku. Kin ce in bar shi da Allah. Na ji. To ga abin da Allah Ya yi tun bayan takardata, sai ki yi mini fassararsa.

Babbar rijiyar gari, wadda Baba ya haƙa shekarar da aka haife ni, ta lalace. Shekara biyu ba guga, taɓo ya cika ta, an zuba mata duwatsu da itatuwa, har mushen jaki aka ce yana ciki. Mata sai sun yi tafiyar awa guda zuwa rafin bakin daji, rabinsu kuma ba sa zuwa sai da rakiya. Dole a yashe ta kafin ruwan sama ya sauka. Mai-unguwa Malam Nu'uman ya tara mu a ƙofar gidansa ya ce wa zai shiga. Zurfinta gaba ashirin da biyu ne, ƙasanta dutse, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga Mamuda, wanda ya dawo Tunga kwana huɗu kafin nan ya gyara kangon kakarsa. Ya miƙe ya ce shi zai shiga, don ya wanke wani abu daga cikin abin da ya yi wa mutane. Har da ƙwallarsa. Tsofaffi suka ɗauki kabbara.

Malam Nu'uman ya juyo gare ni ya ce, “Suhaibu, kai ne magajin mai rijiyar nan. Hannu ya gaza amma sani bai gaza ba. Kai za ka ɗaure shi, kai ne mai igiya, mu ba ka ƙarti shida su ja.” Ya ce abin zai yi kyau a ga 'ya'yan gida ɗaya sun haɗu a kan aiki, sauran garuruwa su yi koyi. Sadiya, ban nemi wannan ba, ban roƙa ba, har gida aka kawo mini. Na amsa da sauri har sai da na ji kunyar saurin.

Na sayo rama na tufka sabuwar igiya da kaina. Da ƙyar. Na maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa, ina murzawa a cinya da hannun dama, haƙori yana yin aikin hagu. Kwana shida ta ci mini, leɓena duk ya tsattsage, amma ta fito sumul, ko Baba ya gani ba zai kushe ba.

Kin san dokar gidanmu, ba a ɗaga mutum da ɗaurin da ba a gwada shi a ƙasa ba. Baba yakan ce ƙasa ce makaranta, rijiya kuwa jarrabawa ce da ba a maimaitawa. Wata uku muka yi muna ɗaure juna a zaure kafin ya bar ƙafar ɗayanmu ta bar ƙasa da taƙi ɗaya. Yanzu na koma aji ɗaya, tunda duk abin da na sani da hannu biyu na san shi. Ina buƙatar jikin mutum, buhun masara ba ya faɗa maka inda ke masa ciwo. Timothy ya ce ga shi. Tsayinsu ɗaya da Mamuda, ƙibar ma kusan ɗaya.

Kullum bayan la'asar yakan zo zaure ya tuɓe riga. In zagaya masa igiya a cinyoyi da ƙugu, in haye da ita ƙirji ta ƙarƙashin hammata, in tara a gadon baya, sannan in jefa ragowar ta kan azara. Shi kuma ya saki jiki baya a hankali har igiya ta ɗauki nauyinsa, amma tafin ƙafarsa na ƙasa. In tambaye shi ina ke cizo, ina ya yi sanyi, ya murza yatsunsa in gani. Rana ta farko ƙulli ɗaya ya ci mini rabin awa, na jefar da igiyar na zauna ina huci. Timothy ya ce, “Sarkin Rijiya, tashi ka ɗaure ragonka, Sallah ta kusa, kada ya gudu.” Haka yake yi mini kullum har in yi dariya ban shirya ba. Ya gaya wa Ladi cewa tun da ya ɗauko ni a babur daga bakin daji bai ga idona da rai ba sai yanzu, wai sana'a ce ta dawo mini da shi.

Ba sana'a ba ce. Yanzu ɗaurin goyo ya zauna mini da hannu ɗaya da haƙori, ina gama shi kafin a sha kofin ruwa biyu. Amma ba shi kaɗai nake koyo a zauren nan ba.

Ki gaishe da kowa da kowa. Na sa wa Mu'azu ɗan lemon tsami daga bishiyarki, guda tara ne, ki ƙirga, na san halinsa.

Mijinki,
Suhaibu.


Tungar Ladan,
10 ga Mayu, 2025.

Maman Karima,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kuna lafiya, da fatan Inna ta samu sauƙi. Na ji Yaya ya canza wurin aiki, Allah Ya sa alheri ne.

Takardarki ta zo da zafinta. Kin gane, dama na san za ki gane, shekara tara kina share zauren da ake wannan aiki. E, gaskiyarki. Akwai ɗauri na biyu. A ido ba shi da maraba da ɗaurin goyo, ko Mamuda da ya san aikin ba zai ga bambanci ba, domin abin yana gadon baya inda idonsa ba ya kaiwa. Muddin mutum na tsaye da nauyinsa a kan ƙafarsa yana riƙe da shi daram. Sai nauyi ya zauna a kansa gaba ɗaya ya ɗan jima, sannan ya saki, ya saki kuma baki ɗaya. Ba wanda ya koya mini, kuskure ne da Baba yakan nuna mana don mu guje shi. Mamuda ya ɗauki abin da aka nuna masa don ya guje wa ya yi aiki da shi a jikina. Makarantarmu ɗaya da shi.

Wuyar ita ce lokaci. In ya saki da wuri, a bakin rijiya, ba a yi komai ba. So nake sai an zura shi gaba uku ko huɗu, sauran goma sha takwas ya ƙarasa da kansa. Abin da nake aunawa ke nan a zaure mako biyu, ina sa Timothy ya jingina ya daɗe, ni kuma ina ƙirgawa a zuci. Ranar Talata ya saki tun ban kai ashirin ba, Timothy ya zube daɓas da mazaunai. Ya kwanta a ƙasa yana ta dariya yana cewa da a rijiya ne da Ladi ta shiga takaba. Ya ce kada in damu, hannu ne bai gama dawowa ba, in sake. Na ɗaga shi na karkaɗe masa baya, na sake. Tun ranar Alhamis abin ya daidaita, sau biyar ina gwadawa yana saki a inda nake so.

Kin ce in tuna Karima. Ita nake tunawa. Ina tuna ranar da aka dawo da ni ta rugo ta ɗaga hannuwa in ɗauke ta, na kasa, ta yi zaton fushi nake da ita. Kin ce wanda ya tuba kamar bai yi laifi ba ne. Wa ya tuba wa? Mamuda yana zuwa zaurena ya zauna a kan buzun Baba, ya kalli hannun nan ya ce Allah Ya tsine wa wanda ya yi wannan aiki. Jiya har ya ɗauki sabuwar igiyar ya shafa ya ce tufkar gidanmu daban take. Na ce masa ai dominka na tufka ta. Ya yi godiya.

Ba wanda zai tuhume ni. Mai hannu ɗaya ya yi ɗauri ya kwance, sai a ce ƙaddara, a ce laifin wanda ya sa shi ne. Rama cuta ga macuci ibada ne, ba ni na fara faɗa ba. Na ga inda kika rubuta cewa in jinin mutum ya hau hannuna ba za ki sake taka gidan nan ba, har kin ja layi biyu a ƙarƙashi. Na san ba kya faɗin abin da ba za ki yi ba, kuma maganar ta soke ni fiye da yadda kike zato. Amma Sadiya, shekara biyu ke nan ba ki da miji, gawa kike wa girki. In mutumin nan yana yawo da tumbinsa a garin nan, gawar ce za ki ci gaba da aure.

An sa ranar Asabar mai zuwa, sha bakwai ga wata, da hantsi. Kafin amsarki ta iso an gama. Ki yi mini addu'ar da kika ga ta dace da ni.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman albarkarta, kada ki ce don me.

Suhaibu.


Tungar Ladan,
18 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga matata Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Karima da Yaya da iyalinsa, da fatan kun tashi lafiya. Na san kwana bakwai ke nan abinci bai wuce miki maƙogwaro ba, don haka bari in fara da abin da kike jira. Mamuda yana da rai. Amma kada ki yi saurin hamdala sai kin kai ƙarshe.

Jiya da hantsi gari duka ya hallara a bakin rijiya, har da mutanen Kazage da suka zo kallo. An gicciya gungume, ƙarti shida sun riƙe igiya, Timothy ne a gaba. Malam Nu'uman da Liman suna zaune a inuwar ɗorawa. Mamuda ya tuɓe ya rage gajeren wando, ya zo gabana ya ɗaga hannuwa sama kamar yaron da za a sa wa riga. Na ɗaure shi. Ina ƙirgawa yana taya ni, yana murmushi yana duban mutane. Na zagaya bayansa na yi abin da na kwana ashirin ina koyo, ya fito daidai, ya fi na kowace rana kyau.

Sai ya taka zuwa bakin rijiya, ya juyo, ya durƙusa a gabana. Wallahi sai a lokacin na tuna. Ke ba ki taɓa zuwa bakin aiki ba, bari in gaya miki. A al'adar mahaƙa, in an gama ɗaure mai shiga, kafin ya zura ƙafa, sai ya durƙusa ya nemi gafarar mai igiya a gaban shaidu. Mai igiya ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma ya nemi tasa. In ba a yi haka ba ba a shiga, domin ba a ba mai riƙo a zuci riƙon igiya. A zaure ba a yin wannan, tunda ba mai mutuwa a zaure. Na gwada kowane zagaye da kowane ƙulli sau ɗari a ƙasa, wannan kaɗai ban gwada ba, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ya ce, “Mai igiya, ka yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba.”

Kowa na jiran kalma biyu daga bakina. Kada ki ɗauka tausayi ne ya kama ni, ko tsoron Allah, ba zan yi miki ƙarya ba. Lissafi na yi. In na ce na yafe duniya da lahira a gaban Liman da mutum ɗari, shi ke nan na wanke shi da bakina. Ya faɗa ya mutu yana aikin taimakon jama'a, a yi masa salla ana kuka ana cewa ya yi shahada, ya isa can ba haƙƙina a wuyansa. Ni kuma in isa da jininsa a nawa. Ya ci hannuna a nan, ya ci ladana a can, ya ci ni sau biyu ke nan. Ashe kwana ashirin ina wahala ne in yi wa maƙiyina hanyar Aljanna.

Na ce, “Ban yafe ba.”

Malam Nu'uman ya miƙe ya ce, “Suhaibu, ka san abin da kake faɗa kuwa?” Na ce na sani, ranka ya daɗe. Na ɗaga hannun hagu da na dama don kowa ya gani, na faɗi reshen marke, na faɗi ƙirgar da na ji a bayan kunnena, na faɗi yatsan da ya lalubi jijiya. Mamuda ya buɗe baki zai rantse, na ce ga Liman nan, a kawo Alƙur'ani. Sai ya rufe bakin. Wata tsohuwa daga cikin mata ta fasa salati, daga nan surutu ya ɓarke ta ko'ina.

Ni kuma na zagaya bayansa. Ɗaurin goyo na gaskiya in za a kwance shi sai an bi shi ƙulli-ƙulli, yakan ɗauki lokaci, Mamuda ya sani. Na sa yatsa biyu na ja bakin igiya sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Gaba ɗayanta ta zube a ƙafafunsa. Jama'a sun ɗauka kwancewa ce kawai. Shi ya dubi igiyar, ya dubi bakin rijiyar da bai fi taku ɗaya daga gwiwarsa ba, ya ɗago ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya isa kansa. Ya ja da baya da mazaunai cikin taɓo, sai ga fitsari yana bin cinyarsa a gaban mata da yara. Sadiya, na ji daɗi. Tun da aka sauko da ni daga bishiyar nan ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Ya rarrafo ya kama ƙafata yana Yaya don Allah, Yaya don darajar Baba. Na ce ya adana roƙonsa, akwai ranar da za a tsayar da mu biyu a gaban Wanda ba a yi wa kukan ƙarya, a can zan karɓi hannuna. Na ce ina yi masa fatan tsawon rai. Kuma kin san al'ada, wanda aka hana wa gafara a bakin rijiya ba mai sake riƙe masa igiya, daga nan har Kutemeshi. Kafin azahar ya kulle kangon kakarsa ya bi hanyar Damari a ƙafa, ba wanda ya ce masa sauka lafiya.

Ba a yashe rijiya ba. Malam Nu'uman ya aika a nemo mahaƙa daga wani gari, bai kuma amsa gaisuwata a masallaci ba, ya ce na zubar masa da sulhu a ƙasa. Mata sun koma rafi da tulunansu suna harara ta. Duk wannan zan iya ɗauka.

Abin da ya tsaya mini shi ne, mu uku ne muka gane faɗuwar igiyar nan. Timothy yana gaba, ya ga yadda ta zube, kuma ya taɓa jin irin wannan sakin a bayansa. Da mutane suka watse ya tsuguna ya naɗe ta tsaf yadda na koya masa, ya rataya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Suhaibu, kwana ashirin ina ba ka jikina don ka warke, ashe kabarin mutum kake aunawa da shi. Kuma ni ka sa a gaba, da hannuna za a zura shi.” Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai jiya. Ya tafi da igiyar gidansa. Yau da safe Ladi ta aiko da tuwo kamar kullum, amma shi ya bi ta bayan gari zuwa gona don kada ya wuce ta ƙofata. Na je sau biyu, an ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ɗaki. Yanzu ni ne mai neman kalma biyun nan a wurin wani, ban kuma san ko zan samu ba.

Kin ce ba za ki dawo wa mai jini a hannu ba. Babu jini. Amma kada ki dawo kina zaton imani ne ya riƙe ni. Ƙiyayya ce ta riƙe ni, wadda ta fi ta da girma, kuma da ita zan zauna har a sa ni a rami. Ban yi nadamar abin da na yi wa Mamuda ba, ba na jin zan yi. In za ki iya zama da wannan mutumin, ɗakinki yana nan, na gyara masa ƙofa. In ba za ki iya ba, ki rubuto ta hannun Mu'azu, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaishe da Inna, yanzu kina iya gaya mata komai. Ki sumbaci Karima. Allah Ya tsare mini ku.

Ni ne mijinki, in har kin yarda,
Suhaibu.